Ina ya fi dacewa in kai iyali kallon namun daji daga Katsina?

Abu Sadiƙ, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wata tafiya da na yi wa yarana alkawari, wadda nake so in cika a hutun makaranta na watan Disamba idan Allah ya kai mu. Alkawarin shi ne zan kai su su ga namun daji da idanunsu, domin har yau zaki da giwa da raƙumin dawa a waya da talabijin kaɗai suka san su, kuma babbansu, wanda yake aji biyu a ƙaramar sakandare, ya fara yi mini tambayoyin da hoto ba zai amsa masa ba.

Mu goma ne za mu tafi: ni da maiɗakina, da 'ya'yanmu biyar waɗanda ƙaraminsu yake da shekara uku, da 'ya'yan yayana biyu, sai mahaifiyata, wadda ta ce ƙafarta ƙafarmu duk da cewa tana fama da ciwon gwiwa kuma doguwar tafiya a ƙasa tana ba ta wahala. Motata ba za ta ɗauke mu ba, saboda haka shatar bas zan ɗauka.

Wurin da ya fara zuwa mini a rai shi ne Gidan Zu na Kano, tun da shi kowa ya sani. Amma abin da nake buri shi ne wuri mai faɗi a wajen gari, mai itatuwa da inuwa, inda dabbobin suke da filin walawa, yara su yi gudunsu, mu kuma mu shimfiɗa tabarma mu ci abincinmu ba tare da hayaniyar birni ba. An ambata mini Jos, an kuma ambata mini Yankari. Shin a cikinsu akwai wanda za a iya zuwa a dawo a yini guda daga Katsina? Wane lokaci ne ya fi dacewa a isa? Yaya kuma zan yi da tsohuwa idan wurin na yawo da ƙafa ne? Maiɗakina tana ganin a jinkirta zuwa bikin Sallah domin yara su je da sababbin kayansu, ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya da iyali ya taimaka mini da abin da ya gani. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Daura

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiƙ. Allah ya ba ka ikon cika alkawari. Ni ta fannin hanya zan ba ka amsa, domin a kanta na ƙare ƙuruciyata, kuma tafiyar da aka haɗa tsohuwa da ɗan shekara uku a mota guda, hanya ce take yanke hukuncinta kafin a zo maganar dabbobi.

Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, ta Charanchi da Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bichi. Idan kuka bar gida da zarar an idar da sallar Asuba, kuka ɗan tsaya a hanya saboda yara, za ku shiga Kano wajen ƙarfe 9 na safe. Abin da yake cinye lokaci shi ne daga Dawanau zuwa Kurna da Ƙofar Ruwa, inda manyan motocin hatsi da masu adaidaita sahu suke haɗuwa, sannan kuma sai kun ratsa gari kafin ku kai titin Gidan Zu. Wanda ya makara da awa ɗaya a Katsina, awa biyu zai biya a wannan wurin. Mu da muke tasowa daga Daura ta Kazaure da Ɗambatta mun fi ku kusa kaɗan, amma cunkoson guda ne yake jiran mu duka.

Wannan ita ce kaɗai tafiyar da zan sa hannu a kanta a matsayin ta yini guda. Yankari tana jihar Bauchi ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Sai ka je Kano, ka ɗauki hanyar Wudil da Birnin Kudu da Ningi har Bauchi, wadda ita kaɗai ta kai kusan kilomita 300, sannan ka hau hanyar Gombe, ka karya kwana a Dindima, ka isa babbar ƙofar dajin a Mainamaji. Ko a nan ba ka iso ba, domin daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai sama da kilomita 40 a cikin daji. Idan ka haɗa lissafin daga ƙofar gidanka, ya doshi kilomita 600. Yini guda na zuwa, yini guda na kallo, yini guda na dawowa, ƙasa da haka kuwa wahalar da kai ne da wahalar da Hajiya.

Jos ma haka take, kuma hanyar da ta fi gajarta daga Kano ta cikin dajin Falgore take bi. Ba na ba kowa shawarar ya ratsa wannan dajin da iyali bayan La'asar, kuma duk hanyar da za ka bi a wannan zamani, ka leƙa tasha kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin da suka shigo ranar halin da ake ciki. Labarin da yake bakinsu ya fi na rediyo sabunta.

Saboda haka ra'ayina shi ne ka tafi Kano. Wurin ba ƙarami ba ne kamar yadda wasu suke zato. An gina shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Baƙo wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. A lokacin wajen gari ne, birni ne ya girma ya zagaye shi, shi ya sa har yanzu akwai manyan itatuwa da inuwar da kake nema a ciki. Ku yi Azahar a can, ku kama hanya da misalin ƙarfe 3, Magariba ta same ku a gida ko dab da gida.

Maman Ilham, Sabuwar Unguwa, Katsina

Salamu alaikum. Abban Sadiƙ, ka isar mini da gaisuwa wurin 'yar'uwata maiɗakinka, ka kuma ba ta haƙuri, domin a maganar Sallah ina bayanka. Na fahimci abin da take so, kowace uwa tana son a ga 'ya'yanta cikin kwalliya a ɗauke su hoto. Amma ranakun Sallah su ne ranakun da Kano da ƙauyukanta suke juyewa zuwa Gidan Zu, samari da 'yammata da yara ƙungiya-ƙungiya, wasu ma babu babba ko ɗaya a tare da su. Layin karɓar tikiti kansa aiki ne. Idan an shiga kuma, gaban kejin zaki mutum ne a kan mutum, ɗan shekara uku ba abin da zai gani sai bayan rigunan jama'a, sai dai ka ɗora shi a wuya, kuma wuyanka ɗaya ne, yaran bakwai ne. Ka zaɓi Talata ko Laraba a cikin hutun. Kayan kwalliyar kuma ba a hana sa su a Disamba ba, sai dai a ɗora rigar sanyi a kai, a shafe ƙafafu da leɓe da man basilin saboda hunturu.

Batun Hajiya kuwa, kada ku ce sai ta zagaya ko'ina. Ku tafi da kujerar roba ɗaya da tabarma babba, ku nemi inuwar da ba ta da nisa da banɗaki da wurin alwala, ku kafa sansaninku a nan. Ita ce za ta zama cibiya: kayan abinci a wurinta, duk yaron da ya gaji a kawo mata shi, kuma a nuna wa kowane yaro tun da farko cewa idan ya waiga bai ga kowa ba, wurin Kaka zai koma. Daga nan sai a riƙa ɗaukarta a hankali zuwa wurare biyu ko uku da ta fi so ta gani. Idan kana da inda za ka ari keken guragu, ka are shi ko da za ta ce ba ta so. Tsofaffinmu suna jin nauyin hawansa a unguwa, amma a garin da ba a san su ba, da zarar gwiwa ta fara magana za ta hau.

Kowane ƙaramin yaro a rubuta lambar wayarka a takarda a sa masa a aljihu, ko a ɗaura masa a hannu. A kuma raba su: kowane babban yaro a damƙa masa ƙarami guda, a gaya masa a gaban kowa cewa shi za a tambaya.

Abinci daga gida za ku tafi da shi. Dambun shinkafa ko dafa-duka a cikin kula, da dafaffen ƙwai, da soyayyen nama ko kaza, su ne suke jure zafin mota ba su canja ba. Abin da aka sa wa nono ko ɗanyen ganye a bar shi a gida. Zoɓo da kunun aya a daskarar da su tun dare, kafin hantsi sun narke daidai sha. Ruwa kuwa ku ɗauki fiye da yadda kuke zaton za ku buƙata, da buta biyu, da sabulu, da babbar leda ta zuba shara, da kayan canji na ƙananan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar birai. Na taɓa tsayawa a gaban kejinsu a wani gidan namun daji, wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba tana gefena riƙe da ledar cincin, mahaifiyarta kuma ta juya tana gyara goyo. Birin yana can ƙuryar keji yana sosa ciki, ko kallon yarinyar ba ya yi. Ƙiftawar ido sai ga hannunsa ya fito ta ramin waya har kafaɗa, ya cafke ledar haɗe da yatsunta, ya fizga. Ledar ta tafi, yarinyar ta tsira da yaƙushi a bayan hannu, shi kuma ya koma inda yake ya zauna yana ɓare ledar da haƙori. Ramin wayar da babba yake gani ƙarami, hannun biri yana wucewa ta ciki. Kada yaro ya matsa kusa da keji da abinci a hannu, kuma idan tsautsayi ya sa aka yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, saboda ba kare kaɗai yake ɗauke da ciwon hauka ba. Jimina ma a yi hattara da ita, tana son abu mai ƙyalli, kuma wuyanta yana ƙetare shinge ya kai ga ɗan kunne ko agogo.

Malam Mai Alli, Katsina

Assalamu alaikum. Lissafin hanyar da Baba Direba ya kawo babu gyara a cikinsa, kuma shawarwarin Hajiya Maman Ilham sun fito daga bakin wadda ta san yara. Sai dai ina ganin an amsa wa Malam Abu Sadiƙ abin da zai yiwu ne, an tsallake abin da ya ce yana buri. Ya ce yana son wuri mai faɗi inda dabba take da filin walawa, kuma ɗansa ya fara tambayoyi. A matsayina na mai koyar da kimiyya, wannan yaron nake dubawa.

Wuraren nan iri uku ne, kuma abin da yaro zai koya a kowanne daban ne. A gidan zu na cikin gari, dabba tana keji, ganinta tabbas ne, kuma za a gan ta kusa har a ƙirga farcenta. Akwai kuma irin wurin shaƙatawa na namun daji da yake Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk a gefen gari, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8 a cikin duwatsu da itatuwa. A can ma a killace dabbobin suke, amma tsakanin wannan shinge da wancan akwai tafiya, kuma shi ne ya fi kama da hoton da mai tambaya ya zana a ransa. Na uku shi ne gandun daji irin Yankari, inda mutum ne yake killace a mota, dabba kuwa tana gidanta. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, ta zama ta gwamnatin tarayya a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma tana riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina da kada.

A irin wannan daji ba a yi wa kowa alkawarin ganin giwa, kuma a nan darasin yake. Ana fita da mota da ɗan jagora da sassafe ko da yamma, a bi gefen kogin Gaji. Ɗan jagora zai tsayar da mota ya nuna sawu a cikin laka, ya nuna kashin giwa ya ce na jiya ne ko na ɗazu, ya nuna reshen da ta karya da ɓawon itacen da ta saɓule. Yaron da ya bi wannan sawu na awa biyu, ko ya ga giwar ko bai gan ta ba, ya fahimci abin da take ci, da dalilin da ya sa take buƙatar daji mai faɗi, da dalilin da ya sa manoman ƙauyukan da suke kewaye suke kuka da ita idan ta shiga gona. Keji ba ya koyar da wannan. Lokacin zuwa kuwa rani ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe ido yana kaiwa nesa, tafkunan cikin daji sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogi. Da damina ruwa yana ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai a yini ana yawo a dawo da labarin tsuntsaye.

Ga Hajiya ma Yankari ta fi sauƙi ta wani fannin, tun da a zaune ake kallon. A sansanin Wikki gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a tsakanin ɗakuna ba tare da tsoron kowa ba, har sai an kulle ƙofa da taga saboda biran sun iya buɗe jaka. A ƙasan sansanin kuma akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai dai gangara ce mai matakala, ita da gwiwarta za su yi shawara. Wanda ya bi ta Ningi kuma zai iya ratsewa Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka saki raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu manyan barewu da aka kawo daga Namibiya a 2006.

Idan kuma aljihu da lokaci sun ce Kano, to a je Kano, amma a je da shiri. Sammakon da Baba Direba ya ce a yi saboda cunkoso, dabbobin ma suna buƙatarsa. Zaki yana iya kwashe awa 16 zuwa 20 a kwance a yini, kura kuwa dabbar dare ce, dorina tana yini a ruwa sai dare take fita kiwo. Wanda ya isa da tsakar rana jela da kunne kawai zai gani a cikin inuwa, ya dawo yana cewa dabbobin ba su da lafiya. Ku fara da masu cin nama tun da sauran sanyin safiya, ku tambayi ma'aikata lokacin da ake ba su abinci, tsuntsaye da kunkuru da macizai kuma a bar su zuwa lokacin da rana ta ɗaga.

Ka ba kowane yaro da ya iya rubutu littafi da fensir, da tambaya guda da zai nemo amsarta da idonsa. Ɗaya ya ƙirgo yatsun ƙafar jimina, zai tarar biyu ne, kuma da su take gudun da ya kai kilomita 70 a awa. Wani ya duba dalilin da ya sa kada yake kwanciya da baki a wangame, alhali ba cizo yake shiri ba, zafin jiki yake fitarwa. Wani ya kwatanta ƙafafun kura na gaba da na baya. Babban kuma ka gaya masa cewa ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da nasa, ka bar shi ya yi tunanin yadda aka yi wuyan ya kai haka. Kafin ka yi wa yara alkawarin wata dabba takamaimai, ka sa wani ɗan'uwa a Kano ya leƙa ya tabbatar tana nan, ya kuma jiyo kuɗin shiga na yanzu. Labarin gidan zu yana da saurin ƙaruwa a baki. A 2019 an yi ta yayata cewa wani ƙaton biri nau'in gorila ya haɗiye kusan naira miliyan 7 a Gidan Zu na Kano, har sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce irin birin da ake magana ma babu shi a gidan.

Dattijon Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam. Ɗana Abu Sadiƙ, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiyarka a cikin wannan tafiya. Ni ban yarda a ajiye ta gadin kula da tabarma yini guda ba, ko da yake na san Maman Ilham sauƙi take nema mata. Mu da muka taso kafin gari ya haɗiye ganuwa, mun ji kukan kura da dare a bayan gari, mun ga gardawa suna zagaya kasuwa da ita da takunkumi a baki, mun ga maharba suna shigowa da barewa da gada daga dajin Rugu. Mahaifiyarka tana da wannan a kanta. Ta san gauraka da burtu da beguwa da yanyawa da sunayensu, ta san tatsuniyar da dila ya yi wa kura wayo da wadda Gizo ya shiga tsakanin giwa da dorina. Ka tsayar da ita a gaban kejin kura tare da jikokinta, ka yi shiru, za ka ji abin da babu shi a littafin Malam Mai Alli. Dazuzzukan da ta sani kuwa, noma da saran itace da farauta sun cinye namunsu, abin da ya rage kuma rashin tsaro ya hana mu shiga, shi ya sa yau sai an yi shatar mota kafin yaron Katsina ya ga barewa.

Abu na biyu, ka ja wa yaran kunne tun daga gida a kan tsokana. Na sha ganin samari suna jifan zaki da tsakuwa domin ya tashi ya yi ruri, ko su zura kara su zunguri kunkuru, wasu ma su miƙa wa biri leda ko guntun taba, manya suna tsaye suna dariya. Dabbar da aka tsare ba ta da inda za ta gudu. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Nauyin ciyarwa yana kan masu gidan, amma nauyin kame hannu yana kan mai ziyara, kuma yaro abin da ya ga ubansa ya ƙyale shi yake ɗauka halal.

Abu Sadiƙ, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina amsoshinku, kuma bayanin Hajiya Maman Ilham ne ya sauko da ita daga maganar Sallah, da sharaɗin a yi wa yara ɗinki. Mun tsaya a kan Kano a wannan hutun, ranar Talata, mu duka goma. Malam Mai Alli, maganarka ta shige ni, kuma na yi niyyar idan hali ya yi in ɗauki manyan yaran uku kaɗai mu tafi Yankari a hutun da zai biyo baya, kafin ruwa ya sauka, tun da su za su iya jure hanyar. Baba na Ƙofar Sauri, na gaya wa Inna abin da ka ce, ta yi dariya ta ce ita dama kurar za ta gani, sauran kuma duk nafila ne.

Saura tambaya ɗaya ga Baba Direba. Yaya ake yin cinikin shatar irin wannan tafiya, domin kada mu je tsakiyar yini direba ya fara cewa lokacinsa ya cika? Kuma bas mai mazaunin mutum nawa ya kamata in nema?

Tsohon Direba, Daura

Malam, ka nemi mai mazaunin mutum 14 zuwa 18, domin kujerar Hajiya da kuloli da tabarma su ma fasinjoji ne, kuma yara za su so miƙe ƙafa su yi barci a dawowa. Ka je tasha da kanka ka yi cinikin a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, su san motar, su san direban, su rubuta lambarta. Ka faɗa a fili cewa shatar yini ce, zuwa da jira da dawowa, daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar gidanka, kuma ba za a ɗauki kowa ko kayan kowa a hanya ba. A yanke tun a nan ko kuɗin mai yana cikin cinikin ko a kanka yake, haka ma kuɗin ajiye mota a can. Ka ba da rabi a matsayin kafin alƙalami, sauran sai an sauke ku.

Ka duba tayoyin da idonka, har da safaya da jak, ka kuma tabbatar gilasan suna rufuwa, saboda iskar hunturu da asuba ba ta yi wa ƙananan yara da tsofaffi daɗi. Hajiya ta zauna a layin da yake bayan direba, kusa da ƙofa, inda girgiza ta fi sauƙi kuma sauka ba ta da wuya. Direban ya sha mansa tun daren Litinin, kada ku ɓata sammakonku a gidan mai. Idan an yi hazo da safe, ka bar shi ya tafi a hankali ko da za ku makara da rabin awa. A zuba masa abinci a kula daban, a kuma saya masa tikiti ya shiga tare da ku idan yana so, domin direban da aka bari a waje shi ne yake zagayawa ya ɗebi fasinjan cikin gari, ƙarfe 3 ta yi kuna bakin ƙofa kuna kiran wayarsa.